Kafin Ka Yarda Cewa Bod Ya Ƙone

 Yau zamanmu a kan kwamfutar tafi-da-gidanka ne, wato laftof, da wata magana da ke sa gaban mai ita ya faɗi idan ya ji ta daga bakin mai gyara: "Malam, sai haƙuri, bod ya ƙone."

Bod ɗin nan, wanda wasu ke ce wa madabod, wasu kuma fanel, shi ne faffaɗan allon da ke kwance a ƙarƙashin kibod, kore ko shuɗi ko baƙi. Furosesa a jikinsa take, RAM a jikinsa take, hanyoyin wuta da ramukan da ake soka caja da filas duk a jikinsa suke. In ya tafi, mafi tsadar abin da ke cikin kwamfutar ne ya tafi. Ɗalibin da ke tsakiyar rubuta furojet da mai shagon buga takardu da ke cin abinci da ita sun san nauyin wannan magana. Zafi yana kashe bod, babu ja a kan haka. Abin da nake ja da shi shi ne gaggawar da ake yi wajen yanke hukunci. Kwamfutoci da yawa da aka jingine a lungun ɗaki da sunan bod ya ƙone, lafiyar bod ɗinsu ƙalau, ko kuwa abin da ya lalace a jikinsa ɗan mitsitsi ne wanda gwani zai cire ya sa wani. Don haka ina so yau ku tashi da sanin tambayoyin da za ku yi kafin ku zaro kuɗi, da abin da za a kiyaye in har canjin ya zama dole.

Mu fara da zafin kansa. Kamfanonin da ke ƙera laftof sukan rubuta yanayin da suka yarda a yi aiki da ita, kuma galibinsu a digiri 35 suke tsayawa. Apple, alal misali, ya ce daga digiri 10 zuwa 35. To ku auna wannan da watan Afrilu da Mayu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda rana kan haura digiri 40, ga ɗauke wuta, fankar ɗaki a tsaye cik. Tun ba a kunna kwamfutar ba, iskar da za ta shaƙa ta riga ta wuce ƙa'ida. Ga kuma ƙurar hunturu da ta gama zuƙa kafin bazara ta shigo.

A cikin laftof akwai wani siririn bututun jan ƙarfe, toshe ta ko'ina, da ɗan ruwa kaɗan a cikinsa. Kansa ɗaya yana kwance a kan furosesa. Zafi ya mai da ruwan tururi, tururin ya ruga ɗaya kan, inda aka jera wasu siraran ƙarafa kamar haƙoran mataji. Fanka ta hura iska ta tsakaninsu, tururin ya huce ya koma ruwa, ya dawo ya sake ɗibar zafi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban teburin mai gyara lokacin da aka ɗaga fankar laftof ɗin da ta daɗe ba a buɗe ba ya ga inda gizo ke saƙar. Ƙura da zaren bargo da gashi sun dunƙule sun zama wani kauri mai launin toka, manne a bakin ƙarafan nan, har mai gyara yakan sa hantsaki ya ɗago shi gaba ɗaya bai tsinke ba. Fanka tana ta kuka, iska ba ta da mafita. In aka kwance bututun, sai a tarar man da ake shafawa tsakaninsa da furosesa ya bushe ya tsattsage, ana kankara yana zuba gari-gari.

Ita furosesa tana da dabarar kare kanta. In ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu, shi ne kuke jin kwamfuta ta yi nauyi, in abin ya ci tura kuma ta ɗauke wuta baki ɗaya. Saboda haka da wuya zafi ya kashe ta kai tsaye. Masu ɗanɗana kuɗarsu su ne maƙwabtanta: ƙananan kayan da ke rarraba wuta irin su kafasito da mosfet, da batir wanda kan kumbura har ya bankaro murfi, da ɗaruruwan ɗigon dalma da ke riƙe da manyan cif-cif a jikin allon. A kunna su ɗau zafi su buɗe, a kashe su huce su tsuke. Yau da gobe sai tsaga ta shiga.

Duniya ta ga wannan ƙuru-ƙuru a 2008. A watan Yulin shekarar, kamfanin Nvidia na Amurka ya sanar cewa zai ware tsakanin dala miliyan 150 zuwa 200 saboda wasu cif-cif nasa na hoto da ke mutuwa a cikin laftof, kuma abin ya shafi kayan HP da Dell da Apple. Tsofaffin masu gyara ba su manta da HP Pavilion dv6000 da dv9000 ba: a danna makunni, fitilu su kama, fanka ta juya, fuska kuwa baƙi ƙirin. Bayan haka MacBook Pro ƙirar 2011 ta zo da irin wannan ciwo a cif ɗinta na hoto, har a watan Fabrairun 2015 Apple ya buɗe shirin gyara su kyauta. Na kawo wannan tarihi ne don in nuna cewa mutuwar bod ta dalilin zafi ba tatsuniya ba ce. Sai dai alamominta, wato kwamfuta ta ƙi tashi ko ta tashi babu hoto, su ne alamomin wasu cututtuka da dama masu sauƙin magani.

Mai gyara na ƙwarai daga waje yake farawa. Zai ɗauki cajarka ya ɗora mata mita. Yawancin cajojin laftof suna ba da bolt 19 ko 19.5 ko 20, kuma adadin yana rubuce a jikinsu. Caja ta jabu da rashin daidaiton wutar janareto sun kwantar da kwamfutoci masu yawa waɗanda aka ɗora wa zafi laifinsu. Zai duba ramin cajar ma, don yakan karye daga ciki. Akwai wata alama da ku ma za ku iya lura da ita a gida: in cajarku mai ɗan fitila ce, irin ta Dell, kuka ga fitilar tana ci amma da an soka ta a kwamfuta sai ta mutu, to wuta ta haɗe a wani wuri a kan bod, cajar tana kare kanta ne. Wannan ma ba ya nufin an rasa bod ɗin, za mu zo kansa.

Daga nan sai a cire batir, a danne makunni na kamar daƙiƙa 30, a gwada da caja kaɗai. A cire ɗan batir ɗin nan mai siffar kwabo da ke riƙe wa kwamfuta agogo, a mayar. In kwamfutar tana tashi amma babu hoto, a jona ta da talabijin ta wayar HDMI. Hoto ya fito a talabijin? To ciwon yana ga sikirin ko wayarsa. Ku haska tocilan a fuskar ku duba da kyau. In kuka hango hoto dishi-dishi, hasken bayan sikirin ne ya mutu. A yawancin laftof ɗin Dell, in aka danne harafin D tare da makunni, sikirin zai gwada kansa ya riƙa nuna launuka ɗaya bayan ɗaya. Su kuma HP sukan yi magana da ƙiftawar fitilar Caps Lock, kuma yawan ƙiftawar yana da fassara a littafin kamfanin. Sai RAM: a zare ta, a goge haƙoranta, a gwada ɗai-ɗai in guda biyu ne, a sauya mata rami. Wannan kaɗai ya tashi kwamfutoci ba adadi. In duk an yi ba ta tashi ba, akwai sauran BIOS, ɗan shirin da ke tada kwamfuta tun kafin Windows, wanda kan rikice, kuma ana iya sake rubuta shi.

Duk wannan bai fi aikin zama ɗaya ba. In mai gyara ya danna makunni sau biyu, ya shinshina ramin iska, ya ce maka bod ya ƙone, ka ce masa cikin ladabi, "Injiniya, don Allah me ka auna? Wutar 3.3 da ta 5 suna fitowa?" Waɗannan su ne ƙananan layukan wuta da ya kamata a samu a kan bod tun kafin a danna makunni. Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar, ya ɗauko mita ya nuna maka. Wanda ya fusata, ka karɓi kayanka ka gwada wani shagon. Ba raini ba ne, don a sana'ar nan akwai mai canja kaya, akwai kuma mai gyaran bod, kuma kowa da iyakar saninsa. A manyan kasuwanni irin su Farm Centre a Kano da Banex a Abuja da Computer Village a Ikeja akan sami waɗanda gyaran bod ne aikinsu, sai dai a tambaya.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kamo mu, muna magana ne a kan bod ɗin laftof da zafi ya taɓa, kuma mun zo kan yadda gwani ke farautar wurin da wuta ta haɗe. Yakan ɗora bod tsirara a kan tebur, ya bi layukan wuta da mita har ya gano wanda ya haɗe da ƙasa. Sai ya saita na'urarsa ta ba da wuta kaɗan, kamar bolt 1, ya tura ta cikin wannan layi, ya shafa sifirit a yankin da yake zargi, ya zuba ido. Ko'ina yana nan a jiƙe yana ƙyalli, sai wani ɗan kafasito guda, wanda sai ka matso za ka gan shi, sifirit ɗin kansa ya bushe nan take. Shi ne mai laifin, don shi ke shan wutar yana zafi. Masu hali suna amfani da kamarar da ke ganin zafi, amma dabarar ɗaya ce. A ɗauke shi, a sa wani, kwamfutar da aka yi wa ta'aziyya ta tashi.

Akwai wani gyara kuma da nake roƙonku ku yi hattara da shi, wato gasa cif. A ɗauko bindigar iska mai zafi a hura wa cif ɗin hoto har kwamfuta ta kawo hoto, a karɓi kuɗi. Takan tashi ɗin, ba ƙarya ba, amma sau da yawa na ɗan lokaci ne. Tun 2006 da dokar Tarayyar Turai ta hana amfani da gubar dalma a yawancin kayan lantarki, abin liƙin da ake sawa sai ya kai wajen digiri 217 yake narkewa, alhali na da a 183 yake narkewa. Wanda ke hura wuta da ka, babu ma'auni, zai iya lanƙwasa allon ko ya kashe kayan da ke kusa, garin neman gira a rasa ido. A irin ciwon Nvidia ɗin can ma, tsagar a cikin cif ɗin take, don haka maganinta na gaskiya sabon cif. In mai gyara ya gaya maka ƙarara cewa gashi zai yi don ka samu ka kwashe takardunka, wannan adalci ne. In ya sayar maka da shi a matsayin gyara mai ɗorewa, ya zalunce ka.

To, a ce an bi duk hanyoyin nan, an tarar furosesar ce ta mutu, ko wuta ta ci allon har ta huda shi. Tun wajen 2015 kusan duk furosesar laftof liƙe take a jikin bod, ba a zare ta a sa wata kamar da. A nan canjin bod ya halatta. Amma kafin a kwance noti ko ɗaya, a yi maganar takardunku. In ma'ajiyar kwamfutar, had-dis ko SSD, mai ciruwa ce, abin da ke ciki yana nan. Sai dai kwamfutoci da yawa masu Windows suna kulle ma'ajiyarsu da wani tsari mai suna BitLocker, wani lokaci ba da sanin mai su ba, kuma makullin yana ɗaure da tsohon bod. Da an sa sabo sai ta nemi lambobi 48. Galibi suna ajiye a asusun Microsoft da aka buɗe kwamfutar da shi, don haka wanda yaron shago ya buɗe wa asusu ya manta kalmar sirri yana cikin haɗari. Su kuwa MacBook na 2018 zuwa yau, ma'ajiyarsu liƙe take a kan bod, in aka canja shi takardu sun tafi tare da tsohon. Ga mai irin wannan, gyaran tsohon bod ya fi masa komai.

Sai lissafi. Ni a ganina, in kuɗin bod da na aiki sun haura rabin kuɗin irin wannan kwamfutar ta hannu, a tsaya a yi tunani. A tuna kuma cewa Microsoft ya janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida tana neman furosesar Intel zubi na 8 zuwa sama. Narka kuɗi a kan kwamfutar da ta girmi haka sai da dalili mai ƙarfi.

In an yanke shawarar saye, sunan kwamfuta kaɗai bai isa ba. Laftof biyu masu suna ɗaya, ɗaya na iya zama mai Intel ɗaya mai AMD, ɗaya da cif ɗin hoto na daban ɗaya babu, kuma bututun sanyaya su ma ya bambanta. Lambar da ke jikin tsohon bod ita ake bi. Yawancin allunan nan kamfanonin Taiwan irin su Quanta da Compal da Wistron ne ke ƙera su. Na Compal lambarsu kan fara da LA, na Quanta da DA, ga kuma 'yar takardar da HP ko Dell ko Lenovo ke mannawa da tasu lambar. A ɗauki hotonsu duka a tura wa mai sayarwa. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, akasarin bod ɗin da ke kasuwa ciro su aka yi daga wasu kwamfutocin. Wannan ba aibi ba ne in an duba. A juya shi gaba da baya a wurin haske; in gefen babban cif ya yi ruwan ƙasa ko da danƙo a wurin, an taɓa gasa shi. A kunna shi a gabanku, a shiga BIOS a tabbatar babu kalmar sirrin wani a kai, don irin waɗanda suka fito daga ofisoshin ƙasashen waje sukan zo a kulle. A nemi garanti a rubuce a kan rasit, ko na wata ɗaya ne.

Wajen sawa, farkon abin da ake cirewa bayan buɗe murfi shi ne wayar batir, don noti ɗaya da ya faɗa kan bod mai wuta ya isa ya kashe shi. Lokacin hunturu, da iska ke bushewa har mutum ya taɓa ƙofar mota ya ji ta ja shi, wannan 'yar wutar jikin tana iya lalata cif, saboda haka a taɓa ƙarfe kafin a taɓa allo, a riƙe shi ta gefe. A ɗauki hoto a kowane mataki. Notukan ba tsayinsu ɗaya ba, dogo in ya shiga ramin gajere yakan huda abin da ke gabansa. Siraran wayoyin nan masu faɗi na kibod da sikirin suna da 'yan ƙofofi da ake ɗagawa da farce, ba a fizgarsu.

Wurin da aka fi yin sakaci, kuma wanda ya fi damuna, shi ne na ƙarshe. Sai a sa sabon bod a mayar masa da tsohuwar fanka da ƙurarta, da busasshen man da ya kashe na farkon. Wallahi asara ce da ake iya kauce wa. A wanke ƙarafan nan tas. A goge tsohon man da sifirit, a ɗiga sabo ɗan kaɗan a tsakiyar furosesa, kuma man da aka yi don wannan aiki, ban da man goge baki da wasu ke sawa. 'Yan fallayen roba masu laushi da ke kan wasu cif-cif a mayar da su mazauninsu. Notukan bututun suna da lambobi 1, 2, 3, 4 a gefensu, a bi su a jere, a ɗaure kaɗan-kaɗan don ya kwanta daidai. In fanka tana gurnani ko tana tsayawa, a canja ta, kuɗinta bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da na bod. Bututun ma yakan mutu: in kan furosesa ya yi zafi sosai amma ɗaya kan yana nan da sanyinsa, ya daina aiki. A tabbatar an mayar da wayar fanka, sannan a kunna kafin a rufe. Tashin farko yakan ɗan jinkirta, kada a firgita.

Kada ku bar shagon sai an sa manhajar auna zafi irin su HWMonitor, an ba kwamfutar aiki mai nauyi na ɗan lokaci kuna kallo. In tana zaune ba aiki amma tana nuna digiri 80, ko da an taɓa ta sai ta haye 95 ta zauna a can, aikin bai kammala ba. Ku karɓi tsohon bod ɗinku ma, naku ne. Mai gyaran bod zai iya sayensa don kayan jikinsa, kuma kada a bar yara su ƙona shi, hayaƙinsa guba ne.

Ku kuma da taku ke aiki lafiya yanzu, kashedinta take bayarwa tun kafin ta kwanta. Fanka mai kuka ba hutawa, ƙasan da ba ya taɓuwa don zafi, mutuwa farat ɗaya ana tsakiyar aiki, duk kira ne. A daina ɗora ta a kan katifa da filo da darduma, don yawancinsu ta ƙasa suke shan iska. A ɗan ɗaga bayanta a kan tebur. Kada a tura ta jaka ba a tabbatar ta mutu ba, kada a bar ta a mota a rana. In za a hura mata iska da bulowa, a riƙe fankar kada ta yi ta juyawa fiye da ƙarfinta.

Roƙona gare ku, da zarar hunturu ya wuce, ku kai ta a buɗe a share, a sabunta man furosesa kafin zafin bazara ya kankama. A daren nan kuma, kafin ku kwanta, ku kwafi muhimman takardunku a filas ko a intanet, ku shiga asusunku ku nemo lambobin nan 48 ku rubuta a takarda ku adana.